Don Allah wa ya san gashin ƙarin fankiriyas na gado?

Ƴar Ƙofar Sauri: Salamu alaikum, shawara nike nema. Yayana shekararshi 38, tun bara yake faɗuwa da asuba zufa na keto mashi sai an ɗura mashi ruwan siga ya farfaɗo, har ruƙiyya mun yi muna zaton iska ce. Ashe ƙari ne a fankiriyas, gaɓar nan ta cikin ciki, yana zubo insulin mai sauke sigan jini ba ƙa'ida. Da likita ya ji Babanmu ma ya sha fama da tsakuwar ƙoda da olsa har ya rasu sai ya ce yana zargin MEN1, wai ciwon gado. Tiyata suka ce, Yaya ya rantse ba mai yanka cikinshi, gashi yake so, wato ƙona ƙarin da haske. Gashin yana cinye ƙarin?

Baban Walid: Kada ku yarda da gashi ko kusa. Surukata wata 3 muna jiran layi, da aka zo kanmu inji ya lalace. Ku sai da fili ku tafi Masar kawai.

Anti Nas: Ƙanwata gashin iri biyu ne. Na inji da ake haskawa daga waje ba shi ake fara wa irin wannan ƙarin ba, an fi yin shi in ya kai ƙashi yana zogi. Ɗayan ta jijiya ake sa shi, Lutetium-177, sau 4 duk bayan sati 8, shi ma sai ƙarin ya bazu ko ba ya ciruwa, kuma sai hoto ya nuna zai kama maganin. Mai zubo insulin in bai bazu ba tiyata ce maganinshi. Ƙarin ya taɓa hanta? Ke ma ki auna kalsiyam na jini don a duba ko kin gaji ciwon, kowane ɗa kashi 50 cikin 100 ne zai iya gada.

Baban Walid: Hajiya duk bayanin takarda ne wannan. Masar na ce.

Ƴar Ƙofar Sauri: Anti ni lafiyata lau. Kuma ba taurin kai ba ne, maƙwabcinmu daga ɗakin tiyata gawarshi aka fiddo, kan idon Yaya.

Maman Ihsan: Mu ma dangin mijina ɓoye mani ciwon gidansu suka yi sai da na haihu 3, Allah ya isa.

Anti Nas: Hantar fa?

Ƴar Ƙofar Sauri: Takardun na wurin matar Yaya a Daura, ba mu cika shiri ba. Baban Walid filin wane girma ka sai da?