Gahawar ƙananan masu suya ko ta manyan kamfanoni: wa ke da gaskiya?

Bilkisu: Assalamu alaikum jama'a. Wata takwas ke nan da na daina sayen gahawar manyan kamfanoni, na koma wajen masu suya kaɗan-kaɗan, waɗanda ke rubuta sunan gona da ranar suya a jikin leda. Maganata biyu ce, kuma ina nan a kansu: wannan gahawar ta fi daɗi nesa ba kusa ba, sannan kuɗin da nake ƙarawa yana isa hannun manomi. Abin da ya juya ni bai taka kara ya karya ba. Na niƙa ƙwayar da aka soya kwana goma baya, na ɗiga mata ruwan zafi, sai garin ya kumbura yana kumfa, ƙamshi ya cika ɗakin. Na yi wa tsohon garin da na saba saye haka, ruwan ya ratsa shi shiru ya wuce. Ashe iskar da suya ke tarawa a cikin ƙwaya ce ke fita, kuma da ita ƙamshin ke tafiya. Garin da ya yi watanni a ajiye ba abin da ya rage masa sai ɗaci.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Malama Bilkisu, sabuwa da tsohuwa kika gwada, ba ta ƙaramin mai suya da ta kamfani ba. Ki samo ta kamfani wadda ba ta daɗe ba, sannan mu yi magana. Kuma a daina raina manyan nan. Mutum ya buɗe gwangwani bana, ya buɗe baɗi, ɗanɗano ɗaya, wannan gwaninta ce. Nescafé da Nestlé ta fitar a 1938 asalinta neman mafita ne ga gahawar Brazil da ta yi kwantai a rumbuna. Tun daga lokacin ta isa gidajen da ba su da injin niƙa, ba su da sikeli, ba su da minti goma na tsayawa tacewa da safe. Su ma mashaya gahawa ne.

Nura: Malam Habu ya yi gaskiya a kan gwajin, amma bambancin ya wuce ranar suya. Kalmar "gahawa ta musamman" da ake kiran irin ta ƙananan masu suya da ita ba talla ce kawai ba, tana da ma'auni. Wata 'yar kasuwar gahawa a Amurka, Erna Knutsen, ce ta fara amfani da ita a 1974, kuma ma'aunin da aka daɗe ana bi shi ne sai ƙwararrun masu ɗanɗano sun ba ta maki 80 zuwa sama cikin 100. Kafin a kai ga ɗanɗano ma, ana ɗibar giram 350 na ɗanyar ƙwaya a baza a tsince. Idan aka samu babban aibi ko guda ɗaya, kamar ƙwayar da ta yi baƙi ƙirin ko wadda ta ruɓe ta yi tsami, ta faɗi. Ƙananan aibobi kuma kada su wuce biyar. Wannan tsafta daga gona take farawa. 'Ya'yan gahawa ba sa nuna rana ɗaya, a reshe guda za ka ga ja, ka ga kore. Mai neman inganci sai ya koma wa bishiya sau da dama yana tsinkar jajayen kawai. Mai neman yawa kuwa zage reshen yake yi gaba ɗaya, ko inji ya kakkaɓe. Sai a yi suya mai duhu sosai, domin ƙauri yana rufe komai, mai kyau da marar kyau su zama ɗaya a baki.

Hajiya Rabi: To ni dai na gwada, kuma ban ji daɗi ba. An ce mini ta Yirgacheffe ce ta Habasha, wai tana ƙamshin furanni. Tsami na ji, kamar an matsa lemo a ciki. Na biyun da na saya ta fi ba ni haushi: leda mai kyau, an zana duwatsu, an cika ta da labarin manoma, amma babu ranar suya ko'ina. Na zazzage ta a faranti, sai ga ƙwayoyi fari-fat a ciki da wasu masu hudar ƙwaro. Wanda ya sayar mini ya rantse ta musamman ce. Wa ya hana kowa buga wannan kalma a ledarsa?

Nura: Babu wanda ya hana, Hajiya, kuma nan ne raunin yake. Fararen nan 'ya'yan da ba su nuna ba ne, shi ya sa suya ba ta kama su. An cuce ki. Tsamin ta farkon kuwa wataƙila halinta ne, don gahawar tuddai da aka wanke aka yi mata suya sama-sama haka take. Wataƙila kuma niƙan bai yi laushi ba, ko ruwan bai yi zafi sosai ba, sai tsamin ya riga zaƙin fitowa. Ki gwada ta Brazil mai matsakaiciyar suya, ta fi gardi, tsaminta kaɗan ne.

Hajiya Rabi: Ka ji ko, Nura? Kullum idan ba ta yi daɗi ba sai a ce laifin mai dafawa ne. Abin sha da sai na koyi darasi kafin ya yi mini daɗi, ina da ja a kansa.

Malam Habu: Kuma akwai wani rainin da nake ji a bakin masu wannan ra'ayi, na robusta, ɗaya daga manyan irin gahawa biyu, ɗayan kuwa arabika. Sai su ce arabika ce gahawa, robusta tarkace. Alhali Biyetnam, ta biyu a duniya bayan Brazil, kusan duk robusta take nomawa, Yuganda ma ita ce ƙarfinta. Tana jure zafi, tana yi a ƙasa mai kwari, sinadarin da ke wartsakarwa ya kusa ninka na arabika a cikinta. Lokacin da cutar tsatsar ganye ta afka wa gonakin arabika a Amurka ta Tsakiya a 2012, manoma da yawa sun tagayyara. Manomin da ya zaɓi irin da ba zai mutu masa ba, ba jahili ba ne.

Bilkisu: Na karɓi wannan, Malam, ban taɓa zagin robusta ba. Amma ba ka taɓa maganata ta biyu ba. Gahawar kamfani da farashin kasuwar New York ko ta London ake sayenta, manomi ba shi da ta cewa. Tun da yarjejeniyar gahawa ta duniya ta rushe a 1989 farashin yake hawa da sauka yadda ya ga dama. A 2001 ya faɗi ƙasa da santi 50 na dalar Amurka kan kowane fam na nauyi, wato kusan rabin kilo, mutane suka bar gonakinsu. Idan gahawarka ta shiga buhu ɗaya da ta mutum dubu, wahalar tsinkar jajaye ta tafi a banza. Suna shi ne jarin manomi. Shi ya sa Habasha ta tsaya kai da fata a kan mallakar sunayen yankunan gahawarta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, har ta kai ga yarjejeniya da kamfanin shagunan gahawa na Starbucks a 2007.

Nura: Yaya Bilkisu, a nan ne zan rabu da ke kaɗan, duk da ina shan irin wadda kike sha. Suna yana kawo kuɗi, babu musu. Irin Gesha daga dajin kudu maso yammacin Habasha aka ɗebo shi a shekarun 1930, ya bi ta ƙasashe har ya isa Panama, ba wanda ya damu da shi sai da gonar Esmeralda ta ci gasa da shi a 2004. Daga nan ya zama cikin mafi tsada a duniya. Amma dubi wanda ya fara cin moriyar: gona mai hali, mai wurin wanki da shanya, mai iya aika samfur ƙetare. Manomi mai 'yar gona wanda ke sayar da ɗanyun 'ya'ya ga dillali a ranar da ya tsinka, sau da yawa bai ma san makin da gahawarsa ta ci ba. Kuma sai an tsinko wajen kilo biyar zuwa shida na 'ya'ya kafin a sami kilo ɗaya na ƙwaya, suya ta sake cinye kusan kashi ɗaya cikin shida. Ga haya, ga leda, ga ladan mai suya. Kuɗin da kika ƙara yana da masu jiransa da yawa a hanya. Hoton manomi a jikin leda ba rasit ba ne.

Bilkisu: Wannan ta taɓa ni, Nura, domin saboda manomin na fi jure tsadar. To me zan nema?

Nura: Ki tambayi mai suyar nawa aka biya a bakin gona, ba nawa ya biya mai shigo da kaya ba. Akwai masu wallafa wannan a fili. Ki duba ko shekara da shekara wajen mutanen nan yake saye, ko kuwa bana nan, baɗi can.

Malam Habu: Ni kuma ga sharaɗina, Malama Bilkisu. Kofi uku, ruwa ɗaya, awo ɗaya, wani ya zuba ba tare da mun gani ba. Biyu na kamfani mai sabuwar suya, ɗaya naki. Idan na ware naki sau uku a jere, zan sayi injin niƙa.

Bilkisu: Na yarda, amma ba sukari ba madara, kuma a bar su su ɗan huce, a nan ne aibi ke fitowa. Na riga na tura wa mai suyata tambayar Nura, ina jiran amsa. Hajiya, ke za ki zuba mana?

Hajiya Rabi: Zan zuba. A kawo ta Brazil ɗin nan ma in ji da bakina.