Me za mu kira "canopy" a bayanin gandun daji?

'Yan'uwa, ina rubuta wa masu niyyar zuwa gandun dajin Kakum bayani da Hausa, sai kalma ɗaya ta tsayar da ni cak: "canopy". Kakum na Yankin Tsakiya na Ghana, arewa da Cape Coast, faɗinsa murabba'in kilomita 375. An keɓe shi tun 1931, ya zama gandun daji na ƙasa a 1992. Abin da ke jan baƙi shi ne hanyar da aka rataya tsakanin manyan itatuwa a 1995, gadoji bakwai na igiya da katako da raga, tsawonsu wajen mita 350.

To wannan wuri na saman itatuwa da Bature ke kira "canopy", inda rassa suka sarƙe ganye ya haɗe, ya sunansa da Hausa?

Kada wanda ya ce mini kanofi. Kalmar ta riga ta shiga bakinmu da wata ma'ana. Ka ce kanofi, kowa ɗaurin aure da kujerun roba zai gani.

Da na nemi shawara, wani malami ya yi sharhi cewa kalmar inuwa ta wadatar. Allah ya ƙara sani, amma inuwa abin da ya sauko ƙasa ne. Mu kuwa abin da ya haifar da ita muke nema, can inda birai da aku da cilakowa suke kiwo, inda furanni ke buɗewa saboda nan rana ke duka. Wanda ke tsaye a inuwa bai kai wurin ba tukuna.

Wata 'yar'uwa ta kawo lema. Ta burge ni, sai dai lema ta mutum ɗaya ce. Ta dace da kan itace guda, kamar yadda gawo ko ɗorawa ke baje kai a gona. A bar mata wannan aikin.

Kalmar rufi kuma ta yi tsauri, don ta tsakanin ganyen ruwa na sauka, haske na tsiyaya.

Ni dai rumfa na zaɓa, kuma ba rumfar daji ba, rumfar kurmi. Dalili, Bahaushe ya bambance daji da kurmi tun asali. Yankari daji ne: itatuwa a warwatse, ciyawa na samun rana, ana hango giwa daga nesa. Kurmi kuwa duhu ne da laima, Kakum na da giwaye amma sai a daɗe ba a sa su a ido ba, sai dai sawu da kashi. Ku dubi rumfar kasuwa da kyau. Dirkoki a tsaye, saman ya haɗe, ƙasa fili ana wucewa, haske na ratsowa ta kafofin zana. Haka kurmi yake, gindin itatuwa su ne dirkokin. Har ma sunan ya ba mu damar cewa rimi ya ɗara rumfa, don akwai ƙattan itatuwa da ke huda ta su wuce sama su kaɗai. Rimi tsere sara, ashe a kurmi ma haka yake.

Saura hanyar kanta. Gadar sama ta zama ta motoci a Kano da Abuja, ba za a ƙwace ta ba. Muna da tsohuwar kalma da birni ke neman mantawa: kadarko, ƙaramar gadar itace da ake ɗorawa a kan rafi, mutum ɗaya-ɗaya ke bi, tana rawa a ƙarƙashin ƙafa. Daidai da ta Kakum, daidai da ta Lekki a Legas.

Ga yadda na sa a bayanin, a gyara mini in da kuskure:

"A zo da sassafe, kafin hayaniyar baƙi ta kori birai da tsuntsaye daga rumfar kurmi. A sa takalmi mai rufi, don akwai hawan tudu kafin a kai kadarkon farko."

Mutanenmu na Zangon Kumasi da Nima, kadarko na nan a bakinku, ko da wata kalmar kuke kiransa?