Bado a baho: ganye ya cika, fure ya ƙi fitowa

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Waɗanda suka taɓa shuka bado a gida, don Allah ku zo mu ji yadda kuka yi. Nawa yana cikin babban bahon roba a bayan ɗaki. Ganye sai fitowa yake yi, amma ko tohon fure ban gani ba, ga ruwan ya yi kore shar. Maigidan ma ya fara ƙorafin sauro.

Baba Mai Lambu:
Wa alaikumus salam. 'Yata, tun da kika ce bayan ɗaki na san inda gizo ke saƙa. Bado ɗan rana ne. In bai sami kamar awa 6 yana shan rana kai tsaye ba, ganye zai yi ta ba ki har ki gaji. Wanda na tarar a gidan da nake ciki a gindin bishiya yake, kuma haka ya yi ta zama ba fure, sai da na janyo shi fili.

Sannan wace ƙasa kika sa masa? Ni laka mai nauyi nake zubawa a tukunya mai faɗi, in kwantar da saiwar, in bar idon da ganye ke fitowa a waje, in rufe saman da tsakuwa, kana in nutsar da tukunyar a hankali. Ƙasar furanni ta buhu ba ta yi, tana da sauƙi, tasowa take yi ta dagula ruwa. Sabon dashe bulo nake sa masa a ƙasa don ganyen ya kai sama da wuri, in ya yi ƙarfi in cire. Ruwa santimita 30 zuwa 45 a saman tukunyar ya wadatar da yawancinsu.

Uwar Biyu:
Baba, ƙasar lambu ce na haɗa da kashin kaji.

Ɗalibar Noma:
Anti, ai ga dalilin koren ruwan nan. Takin ya narke a ruwa, gansakuka ta sami abinci. Ni taki na ƙwaya nake cusawa can cikin lakar da yatsa in toshe ramin. Kuma ban yarda da yawan canza ruwa ba, duk sanda na zubar na sake sabo, koren dawowa yake yi. Da ganye ya rufe fiye da rabin fuskar ruwan, inuwarsa ta hana gansakukar sakat, ruwan ya washe da kansa. Abin da rana ta shanye kawai nake cikawa.

Na Gefe:
Ƙanwata, ni fa a nan ban bi ki ba. Ruwan da kashin kaji ya jiƙa a ciki, jira ba zai gyara shi ba. Uwar Biyu ta sake dashen gaba ɗaya da laka zalla, ta zuba sabon ruwa, daga nan sai a bi shawararki.

Maganar sauro kuwa maigida yana da gaskiya, don in ana zafi kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwai ya zama sauro. Ni ƙananan kifaye irin gupi na zuba, tsutsar ba ta kwana. Tarwaɗa da karfasa kada ma a soma, ɗaya ta tone laka, ɗaya ta cinye toho. In ruwan famfo ne a bar shi ya kwana a buɗe kafin a sa kifi, saboda kulorin. Wani maƙwabcina ya sa injin fesa ruwa don kyau, badonsa ya yi ta lalacewa, ba ya son ruwan da ke motsi yana jiƙa masa saman ganye.

Baba Mai Lambu:
Wani abu kuma, a san irin da aka shuka. Farin nan mai ganye kamar haƙoran zarto da dare yake buɗewa, hantsi na yi ya rufe. Mai duba shi da tsakar rana ko la'asar kawai zai iya rantsewa bai taɓa fure ba. Shuɗin shi ne na rana. Kowane fure kwana 3 zuwa 4 yake yi ya nutse, sai a tsinke shi tare da ganyen da ya yi rawaya kafin su ruɓe a ciki.

Hajiya Mai Kyanwa:
Ni na haɗa da kainuwa saboda inuwa, amma sai an riƙa kwashewa, in ba haka ba ta mamaye bahon ta shaƙe badon. Abin da na kwashe shanya shi nake yi ya bushe, ba na zubarwa a kwata ko rafi. Kainuwa mai shuɗin furen nan da ta fito daga nahiyar Amurka ta Kudu, wadda ta toshe hanyar jiragen ruwa a tafkin Victoria, ita ma da sunan ado aka fara yawo da ita.

Masu lili na tudu, mai kai kamar albasa, nasu akasin bado ne: ruwa ya kwanta a gindinsa, kan ya ruɓe. Ƙasa mai yashi nake sa masa, a tukunya mai huji. Amma na daina ajiye shi tun da likitan dabbobi ya gaya min ko garin furensa kyanwa ta lasa yana iya kashe mata ƙoda.

Kuma ke mai yara biyu, in kin fito da bahon fili, ki sa masa ragar ƙarfe a sama. Ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaro mai rarrafe.