Neman shawara: an kawo min 'yar mesa, zan iya riƙe ta a gida a Garwa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani masunci daga Lagdo da muke hulɗa ya kawo min 'yar mesa da ta shiga komarsa. Tsawonta bai kai mita ɗaya ba. Tun ina yaro nake kiwon tantabaru da zomaye, kuma wallahi wannan halitta ta shiga raina. Tana cikin akwatin katako a bayan ɗaki, ta ƙi cin komai, in na buɗe sai ta yi huci ta kawo cizo. Gidan haya nake, da iyalina da yara biyu, ƙaramin ko tafiya bai fara ba. Me zan ba ta, wane irin wuri take so, kuma hukuma za ta bar ni?

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Garwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara sanin abin da ke hannunka. Mesa iri biyu muke gani a yankinmu. Akwai ƙarama, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya. Ita da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi. Akwai babba, wadda ke bin bakin ruwa a Binuwai da Faro, ita ba ta dunƙulewa, huci take yi ta kawo hari. Yadda ka kwatanta taka, babbar ce. Wannan da kake gani jaririya ce. Cikin 'yan shekaru za ta kai mita uku zuwa huɗu, akwai masu wuce biyar, kuma tana iya haura shekara 20 a raye. A daji tana haɗiye ɗan akuya da gada. Ba ta da dafi, gaskiya ne, amma ƙarfinta a naɗi yake.

Batun hukuma kuma, tun dokar gandun daji ta 1994 aka kasa namun dajin Kamaru gida uku, A da B da C, kuma ba a ajiye dabbar da doka ta kare sai da takarda daga ma'aikatar gandun daji. Mesa tana cikin dabbobin da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta CITES ta sa wa ido kan cinikinsu. Je ofishin ma'aikatar da ƙafarka tun kafin wani ya kai ƙararka.

Wata uwa daga Marwa:
Ɗan'uwa, ka tambayi abincin mesa, ka tambayi hukuma, amma ban ji ka ce maiɗakinka ta yarda ba. Ita ke wuni a gida da jariri mai rarrafe, kai kana kasuwa. Sannan gidan haya ne. Ranar da maƙwabta suka ji, ba za su ce sha'awa ba ce, cewa za su yi asirin kuɗi kake yi, kuma wannan magana in ta fita ba ta komawa. Don Allah ka duba yaran nan.

Likitan dabbobi, Ngaundere:
Maganar Hajiya ita ce gaba da komai. A watan Agusta na 2013, a wani gari na gabashin Kanada, irin wannan mesa ta Afirka ta fita daga kejinta ta bututun iska, ta faɗa ɗakin da wasu yara biyu 'yan gida ɗaya ke barci, ɗan shekara 4 da ɗan shekara 6, ta kashe su. Can keji ne da aka gina musamman dominta, ba akwatin katako ba. Mesa tana tura murfi da kanta, kuma duk ramin da kanta ya shiga, jikinta zai bi.

Amma tunda tana hannunka yau, ga abin da take bukata don kada ta mutu. Ƙin cin abincin tsoro ne. Maciji da aka kamo daga daji yakan yi makonni bai ci ba, ba ya cutar da shi nan da nan. Daina buɗe akwatin kana leƙawa. Sa mata wurin ɓuya mai duhu, ko da tukunyar ƙasa ce a kife da aka fasa gefenta, da kwanon ruwa mai faɗi wanda za ta iya shiga ta jiƙa jikinta. A canza ruwan kullum.

Jikin maciji ba ya haɗa zafinsa, na wurin da yake ciki yake ɗauka. Saboda haka gefe ɗaya na mazauninta ya zama da ɗumi, wajen digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen ya fi sanyi, kamar 26, ta riƙa zaɓa da kanta. A Turai fitila suke kunna wa macizansu don ɗumi. Ku a Garwa matsalarku akasin haka ce: a Maris da Afrilu zafi na wuce 40, akwati a ƙarƙashin kwano ko a rana zai kashe ta cikin sa'o'i. Lokacin hunturu kuma iska ta bushe, saɓa takan maƙale mata, musamman a ido da ƙarshen wutsiya. In ka ga idonta ya yi fari-fari, saɓa za ta yi, ka ƙara mata laima ka ƙyale ta, don a lokacin ba ta gani sosai, ta fi saurin cizo.

Abincinta ɓera ne ko ɗan tsako, wanda kaurinsa bai wuce wurin da ya fi kauri a jikinta ba, sau ɗaya a mako ko kwana 10. Kada ka ba ta ɓeran gida ko na kasuwa, mai yiwuwa ya ci guba, gubar kuma za ta bi ta. Kada ka bar mata ɓera mai rai ya kwana, in ba ta ci shi ba shi zai gaigaye ta. In ta ci, kwana biyu ba a taɓa ta, in ba haka ba ta amayar. Da ta girma, kaji da zomaye za ta koma ci, ka lissafa kuɗin nan shekara da shekaru, ga ɗaki guda da za a ware mata, ga kuma cewa in ta kusa mita uku mutum ɗaya ba ya buɗe mata shi kaɗai.

Duba tsakanin ɓawon jikinta, na daji sukan zo da kaska. Kuma kashin macizai na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, wadda ta fi yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 illa. Wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki ɗanka.

Wani matashi daga Kusiri:
Ni dai ba na son a mayar da mai son maciji kamar mahaukaci. Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, daga Gana da Togo da Benin ake fitar da ita zuwa Turai da Amurka, mutane na kiwonta lafiya lau, ba ta da faɗa. Yaya, in sha'awar na nan, ka jira yara su tasa, ka samu gidan kanka da takarda, ka nemi irin wannan. Amma babbar kam, ni ma ban goyi baya ba.

Wani malami, Garwa:
Ya zo a hadisi ingantacce cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwa da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Duk dabbar da ka kulle, haƙƙinta ya hau wuyanka, ga haƙƙin iyali da na maƙwabta da za ka sa cikin firgici. Auna ka gani ko za ka iya ɗaukar duka ukun.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da uwar yarana, ta ce tun da aka kawo akwatin ba ta yi barcin kirki ba. Ba zan riƙe ta ba. Baba, in mayar da ita bakin kogi in sake, ko yaya zan yi?

Tsohon ma'aikacin gandun daji:
Kada ka sake ta kusa da gari, kajin mutane za ta bi, su kuma su kashe ta. A nan Garwa akwai gidan zu, akwai Makarantar Namun Daji da aka buɗe tun 1970, ga ofishin gandun daji. Fara da ofishin, ka gaya musu yadda ta zo hannunka, su za su san inda ya dace a kai ta. In za ka ɗauke ta, sa ta a buhun yadi mai kauri marar huji, ɗaure bakin sosai, ka sa buhun cikin kwali. Ka fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma kada ka ba ta abinci kafin tafiyar.