An yi min kutse a imel, manhajar tsaro ta Defender kaɗai ta isa?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min.

Ranar Talata ƙanwata ta kira ni, wai ta ga saƙo daga imel ɗina ina roƙon ta turo kuɗi, wai na maƙale a hanya. Ni kuwa ina shago ina auna shinkafa. Da na buɗe Gmail sai na tarar an aika saƙonni kusan 30 da sunana.

Nan take na canza kalmar sirri, na kunna tantancewa mai mataki biyu. Jiya kuma wani abokin ciniki ya ce ya ba ni amsa, ban ga komai ba. Ashe a saiti an sa wasiƙuna su riƙa wucewa zuwa wani adireshin da ban sani ba. Na cire shi.

Kwamfutar ce ta hana ni barci. Windows 10 ce, Defender, manhajar tsaron da ke zuwa tare da Windows, kaɗai ke ciki, kuma watan jiya na sauke wata manhaja ta bulus, kwaɗayi kawai. Defender zai iya tsabtace ta, ko in ƙara wata manhajar tsaron, Malwarebytes? Ko a goge komai a sake sa Windows? Lissafin bashin shago duk yana ciki.