Neman kalma kafin Juma'a: me za mu kira sake rubuta labarin wani da izininsa?

Maman Ilham, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Ina da sanarwar da zan fitar a ƙungiyarmu ta marubuta ranar Juma'a bayan la'asar, kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Mun shirya musaya: kowace za ta kawo labarin da ta taɓa rubutawa a kan taurarin wani littafi ko fim da take so, a yi ƙuri'a, wata ta ɗauka ta sake rubuta shi da nata hannun. Na farkon shi ne fan fiction, mu dai fanfik muke cewa ko labarin masoya. Na biyun Turawa suna ce masa remix. In na rubuta rimis, wallahi rabin matan za su ɗauka waƙa za mu yi. A taimaka.

Ɗan Mile 12: Anti ai abin yana da suna, wankiya. Haka 'yan fim suke cewa in an ɗauko na Indiya an sa masa hula da ɗankwali.

Maman Ilham: A'a ƙanena, mai wankiya ɓoye tushe yake yi. Nan kuwa mai labarin ce ta miƙa da hannunta. Ko a Archive of Our Own, shafin intanet na fanfik da aka buɗe a 2009, akwai gurbin da ake cikewa a ce wannan daga labarin wance aka samo shi, sunanta ya fito a sama kowa ya gani. Ranar da na rubuta wankiya a sanarwa ba wadda za ta ba ni ko layi ɗaya.

Malamin Hausa, Idi-Araba: Hajiya, baddala. Ita ake amfani da ita a nazarin adabi in an mayar da littafi wasan kwaikwayo ko fim, ko an ɗauko labarin wata al'umma an yi masa kayan gida, kamar yadda Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce da labaran Alfu Laila da na Jamusawan nan 'yan'uwa Grimm. Sannan ki sake duba "labarin masoya" ɗin nan, duk wanda ya ji soyayya zai kawo a ransa.

'Yar Obalende: Malam, a gafarce ni, baddala ta yi wa abin faɗi. A baddala labari yana ƙetare wani abu, ko harshe ko al'ada ko siga. Nan Hausa ce zuwa Hausa, zube zuwa zube. Bari in ba da misali da wanda na taɓa yi wa ƙawata. Ita ta ba da labarin daren kai amarya daga bakin amaryar. Ni ban taɓa ko abu ɗaya da ya faru ba, motocin nan su ne, guɗar nan ita ce, sai dai na koma ɗakin uwargida na zauna, tana jin komai ta taga tana ninke kayan yara da ta riga ta ninke. Sai ga shi wadda ake zagi a labarin farko ita ake wa kuka a nawa. Wata kuma inda mai labari ta ce "bayan wata uku" ta tsallake, nan za ta shiga ta cike watannin. Wata ta kwashe mutanen daga Kano ta zube su a Agege ta ga me zai rage na labarin in babu dangi kusa. Wannan na ƙarshe kaɗai nake jin zai amsa sunan baddala.

Baba Mai Ƙamus, Alaba Rago: Yara ku saurara. Baddala Larabci ce, rimis Turanci ne, kun gudu daga ruwa kun faɗa kogi. Labari saƙa ne. Muna cewa zaren labari, muna cewa warwarar jigo. Wadda ta karɓi labarin 'yar'uwarta warware shi ta yi ta sake saƙawa da zaren nan dai. Saboda haka: sakesaƙa. Ta sakesaƙa labarin. Masakesaƙiya. Na daɗe da ajiye wannan kalmar ina jiran ranarta.

Ɗan Mile 12: Baba Allah ya ƙara girma, amma wayoyin mutane da yawa ba ƙa mai lanƙwasa. Sakesaka za a rubuta, a karanta sako-sako. Wa zai so a ce labarinsa ya yi sako-sako 😂

Baba Mai Ƙamus: Laifin wayarka ne da lalacinka, ba na kalmata ba. Abin da ke damun Hausar Legas ke nan. Yaro ya tashi yana jin Yarbanci a kasuwa, buroka a mota, sai ya zo yana gyara wa wanda ya yi allo a Zazzau magana. In ana neman kalma a bar wa waɗanda suka sha ta a nono.

'Yar Obalende: Baba, da girmanka, wannan ba ta yi ba. A Legas aka haife ni, kakannina cinikin goro ya kawo su Agege, kuma a nono na sha ta kamar kowa. Matan da za su karanta sanarwar nan a Agege suke da Mile 12 da Ijora, ba a Zazzau ba. Kuma tunda ana korar Larabci, a fara da labari da littafi da alƙalami. Har ƙamus ɗin da ke jikin sunanka.

Baba Mai Ƙamus: Waɗannan sun daɗe, sun zama 'yan gida.

Malamin Hausa: Baddala ma ba jiya ta sauka a tasha ba, Baba. Amma ku bar wannan, wani abu ya faɗo min. Magabatanmu sun san shiga cikin aikin wani da sunansa a kai, suna ce masa tahamisi. Mawaƙi zai ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya sa nasa ɗango uku a gaba, baiti ya zama mai biyar, kuma dole nasa su bi karin mai asali su kai ga ma'anarsa. Ishiriniyar da ake karantawa a mauludi haka take, ta Alfazazi ce da tahamisin Ibn Muhib. Waƙar Tabbat Haƙiƙa ta Shehu Usmanu, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Ba wanda ya ce sata ce, girmamawa ce ma. Ni a ganina ruhin abin da Hajiya take nema yana nan.

Maman Ilham: Malam wannan ta burge ni ƙwarai, ban taɓa haɗa su a raina ba. Sai dai mai tahamisi ba ya goge ɗangon mai asali ko ɗaya, ƙari yake yi. Ta dace da mai cike wata ukun nan. Wadda ta koma ɗakin uwargida fa, ba jimla ɗaya ta ƙawarta da ta rage.

Abu Hanan, Apapa: Ni dai ina roƙo kada a ɗora kalmar da muka sani da yabon Annabi a kan labaran soyayyar 'yan fim. Kuma asalinta daga biyar ne, ina biyar ɗin a nan?

Baba Mai Ƙamus: Kun gani. Duk inda kuka zaga sakesaƙa za ku dawo. Ga ta da aikatau, ga ta da suna, ga jam'i: masakesaƙa.

Ɗan Mile 12: Baba na gwada faɗin jam'in sau uku da sauri, harshena ya ƙulle.

Hajiyar Ijora: Ina ta karanta ku tun safe ina kan ɗinki. Me ya hana a ce sabon zubi? Malam ai ku kuke koyar da zubi da tsari. Labari ɗaya ne, zubin ne sabo. Wance ta yi wa labarin wance sabon zubi. Ba wadda za ta tambayi ma'ana.

'Yar Obalende: Yauwa Hajiya. Ta ɗauke uwargida, ta ɗauke wata uku, ta ɗauke ƙaura zuwa Agege.

Baba Mai Ƙamus: Kalma biyu ce, ba ɗaya ba, wannan bayani ne ba suna ba. Kuma ku ce wa matan Agege "sabon zubi ranar Juma'a" ku gani in ba da kuɗin adashe za su zo ba.

Maman Ilham: Baba ka ba ni dariya, kuma da gaskiyarka a nan. Zan rubuta "Musayar Labarai: Labari Ɗaya, Sabon Zubi", sai in bi da layi biyu na ƙa'ida, cewa sai da izinin mai labari kuma sunanta ne zai fara zuwa. Tahamisi zan ambace shi a jawabin buɗewa kawai, don su san abin yana da dangi a gida, Abu Hanan ka yi haƙuri da wannan ɗin.

Malamin Hausa: Ni har yanzu baddala zan rubuta in takarda ce ta ilimi. Amma ta sanarwa, ba laifi.

Baba Mai Ƙamus: Ku yi ta zubinku. Ni sakesaƙa na sani, kuma na shigar da ita a littafina.

Maman Ilham: Na gode muku duka. Malam, maganar labarin masoya fa, ka tayar ba ka ba ni madadi ba, ga shi gobe Alhamis.