Fosdok a kimiyyar yanayi: in karɓi na firojek ko in jira feloshif?

Gajimare92

Assalamu alaikum 'yan gida, don Allah waɗanda suka riga mu shiga wannan layin ku taimaka min da shawara, kaina ya ɗan kulle wallahi. Ina daf da kare tesis ɗina na digirin dakta, aikina a kan ƙananan ƙwayoyin nan ne da suke yawo a iska, ƙura da hayaƙi da gishirin teku, da yadda suke canza girman ɗigon ruwan da ke cikin gajimare. Da WRF-Chem, wato model ɗin kwamfuta mai kwaikwayon yanayi da sinadaran iska, na yi yawancin aikin sai datar MODIS, na'urar ɗaukar hoto a kan tauraron ɗan Adam, don gwadawa. Fefa ɗaya, wato maƙalar bincike, ta fito, ta biyu tana hannun masu bita.

To ga inda gizo ke saƙar. Wani farfesa a Turai ya yi min intabiyu ya ce in zo fosdok, wato aikin bincike na bayan digirin dakta, na shekara 2 a ƙarƙashin firojek ɗinsa, aikin shi ne gwada model ɗinsu da datar EarthCARE, tauraron nan na Turai da Jafan da aka harba a Mayun 2024. Aikin ya burge ni ba ƙarya, amma fa ba tambayata ba ce tasa ce, an riga an rubuta abin da za a miƙa wa masu ba da kuɗi, wata kaza abu kaza. Shi kuma supabaizana cewa yake kar in yi gaggawa, in zauna in rubuta furofozal nawa na kaina in nemi feloshif, wato tallafin da ake ba mutum ya yi binciken kansa, irin Marie Curie ta Tarayyar Turai ko Humboldt ta Jamus, wai wanda ya ci feloshif da guminsa daban ake kallonsa ranar neman kujerar dindindin. Matsalar ita ce Marie Curie sai Satumba ake rufewa sakamako kuma sai wajen Fabrairu, kafin a fara aiki kusan shekara ta tafi, ni kuma sikolashif ɗina yana tsayawa ne da zarar na kare. In karɓa ko in jira? Kuma da gaske ne fosdok ɗin firojek bauta ce kawai kamar yadda wasu ke faɗa?

HadarinGabas

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa a kare lafiya. Ni dai a nawa ganin karɓa za ka yi, sai ka nemi feloshif ɗin kana ciki kana cin albashi, ai ba wanda ya ce dole sai ɗaya. Marie Curie tana ba ka har shekara 8 bayan digirin, Humboldt ta masu fosdok shekara 4, ke nan ba guduwa za su yi ba. Zaman banza na wata goma ba kwamfuta babba ba laburare ba kuɗin zuwa konfarens shi ne yake kashe mutum a wannan fagen, don mu ba da biro da takarda muke aiki ba, in ba ka da akawun a sufakwamfuta to hannunka a ɗaure yake.

Maganar bauta kuma ya danganta da mutumin, ba da sunan kuɗin ba. Kafin ka sa hannu ka binciki farfesan kamar yadda ya bincike ka. Ka buɗe jerin fefofin gurup ɗin na shekara biyar da suka wuce ka duba, 'yan fosdok ɗinsa suna fitowa a sunan farko ko kullum a tsakiya ake cusa su? Waɗanda suka bar wajensa suna ina yanzu? Ka nemo ɗaya ko biyu ka tura musu imel, wanda ya riga ya tafi ya fi wanda ke ciki sakin baki. In ka ga ana ta kame-kame ana cewa ai mutumin kirki ne amma dai yana da yawan aiki, to ka gane karatun.

Sannan ka san shekara 2 ba shekara 2 ba ce. Watannin farko a neman akawun da koyon model ɗin da ba ka taɓa gani ba za su tafi, kod ɗin Fortran ne, tsohon yaren kwamfuta, mai layi dubu ɗaruruwa wanda mutane da yawa suka yi ta ɗorawa tsawon shekaru. Ka tura aiki layi da yamma ka tafi gida da murna, da safe ka buɗe log ka tarar ya faɗi tun mintin farko saboda waƙafi ɗaya da ka manta a fayil ɗin saituna, ko iska ta yi gudun da ya fi ƙarfin takun lokacin da ka sa lissafi ya tarwatse, sai ka sake shiga layi daga baya. Fefa kuma daga turawa zuwa fitowa wata shida ba abin mamaki ba ne, wani lokaci shekara. Ke nan abin da ba ka tura ba kafin ƙarshen shekarar farko da wuya ya shiga CV ɗinka lokacin da za ka nemi aiki na gaba, don neman ma tun ana saura shekara ake fara shi. Wannan fefar taka ta biyu ka tabbata ka gama da ita kafin sabon aiki ya danne ka.

TsohonFortran

Dakta Hadari ranki ya daɗe, duk abin da kika faɗa haka yake amma ban so a yi wa maganar supabaizan nan riƙon sakainar kashi ba, mutumin yana da gaskiyarsa. Na zauna a kwamitin ɗaukar lakcara, abin da ake tambaya a bayan ƙofa ba yawan fefa ba ne kawai, cewa ake shin yaron nan yana da tambayarsa ko hannun wani ne shi. Wanda ya yi fosdok uku a jere duk a firojek ɗin mutane, yau teku gobe ozon jibi ambaliya, ko fefarsa ashirin ce sai ka ji an ce ba a san me yake nema ba. Shi ya sa shirye-shirye irin su feloshif ɗin ASP na NCAR, cibiyar binciken yanayi da ke Boulder a Amurka, da na sauyin yanayi na NOAA, hukumar teku da yanayi ta Amurka, suke da daraja, shekara 2 ne kuma kai kake kawo batunka. Ko da yake Amurka yanzu sai a hankali, tun 2025 aka rage ma'aikata a NOAA kuɗin binciken yanayi ma ya shiga halin ƙila wa ƙala, kar ka ɗora dukkan burinka can.

Kuma Malam Gajimare ka san abin da ke hannunka kuwa? Batun ƙwayoyin iska da gajimare shi ne inda rahoton 2021 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya fi nuna rashin tabbas a lissafin abin da ɗan Adam ya canza a zafin duniya. Tun rahoton Charney na 1979, na wani kwamitin masana a Amurka, ake cewa in iskar kabon ta ninka zafi zai ƙaru da digiri 1.5 zuwa 4.5, aka yi shekara 40 ana kan wannan tazarar, sai a 2021 aka matse ta zuwa 2.5 zuwa 4. Amma a daidai wannan lokacin wasu model na CMIP6, shirin kwatanta model ɗin yanayi na duniya, suka haura digiri 5, da aka bi diddigi kuma gajimare ne ya ja su can. Ga kuma dokar man jiragen ruwa ta 2020 da ta sauke sinadarin salfa daga kashi 3.5 zuwa 0.5, wadda ta zama kamar gwajin da duniya ta yi mana kyauta, layukan gajimaren da jirage ke bari a saman teku suka ragu a hoton tauraro, har yau ana ta musu kan nawa wannan ya ƙara a zafin 2023. Wanda ya san wannan fagen ba zai rasa abin rubuta furofozal ba. Ka rubuta shi yanzu tesis na da zafi a kanka, ko ba za ka tura bana ba, don in ka shiga firojek ɗin wani wata shida ya isa ka manta abin da ke hana ka barci a da.

Isobar

Hhhh ga malamai sun zo, bari ɗan kasuwa ma ya tofa. Na yi fosdok ɗin nan kafin na tattara na koma kamfani, yanzu hasashen iska da hasken rana nake yi wa masu wutar lantarki. Ba zan ce ka bar jami'a ba amma ka shiga da idonka biyu. Farfesa ɗaya zai yaye daktoci da yawa a rayuwarsa, kujerar da zai bari kuwa ɗaya ce, wannan lissafin ko ɗan firamare ya iya shi. A Jamus ma doka ce, bayan digirin dakta shekara 6 aka yarda jami'a ta riƙe ka a irin kwantiragin wucin gadin nan, in ba kuɗin firojek ba ne daga waje to daga nan ko dindindin ko waje rod. Kuma abin da ba a rubutawa a tallan aiki shi ne kowace shekara biyu sabuwar ƙasa sabuwar biza sabon neman gida, in kana da iyali matarka ta bar aikinta yara su canza makaranta da yare. Mutane da yawa da na sani ba don sun kasa suka fita ba, gajiya da ɗaukar akwati suka yi.

Tsakanin jami'a da kamfani kuma akwai hanya ta uku da ɗalibai ke mantawa, cibiyoyin hasashen yanayi, ECMWF ta ƙasashen Turai da ke Reading a Ingila da rassanta na Bon da Bolonya, ko Met Office ta Birtaniya a Exeter, bincike ne na gaske ba koyarwa ba, abin da ka gyara gobe yana cikin hasashen da ake amfani da shi. Kuma firojek ɗin EarthCARE ɗin nan da kake rainawa shi ne irin abin da suke nema, mutumin da ya iya haɗa data da model. Ka ƙara da koyon injin nan, wato AI, tun da model ɗin hasashe na AI irin su Pangu-Weather na Huawei da GraphCast na Google DeepMind suka fito a 2023 harkar ta juya, ECMWF da kanta ta sa nata model ɗin AI, AIFS, cikin aiki a Fabrairun 2025, kuma duk a kan ERA5, tarin datar yanayin shekarun baya na ECMWF, aka horar da su. Wanda ya san fizis ɗin gajimare ya kuma iya Python sosai ba ya yawo da takarda. In har yanzu da NCL, tsohon yaren zana data na NCAR, kake zane ka tuba, NCAR ma sun daina ciyar da shi gaba tun 2019.

Gajimare92

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Oga Isobar NCL ɗin nan kamar ka leƙo kwamfutata hhh. Anti Hadari na manta ban faɗa ba, aikin a Jamus ne, kuma gaskiya in zan nemi feloshif ɗin ma can nake so in zauna don kusan duk masu aikin da nake bi suna can. Hakan zai yiwu ina ciki?

HadarinGabas

Af, ai da ka faɗi wannan tun farko, nan ne fa ake faɗawa rami. Duka biyun suna da sharaɗin motsi. Marie Curie ba za ta ba ka ƙasar da ka zauna fiye da wata 12 cikin wata 36 kafin ranar rufewa ba, ke nan in ka fara aiki a Jamus dama ɗaya kake da ita, Satumbar da ta same ka kafin ka cika shekara, bayan nan sai dai ka nemi wata ƙasar. Kuma dole ka riga ka kare tesis kafin ranar rufewar, ba wai kana daf ba. Humboldt ta fi tsanani, in ka ɗan daɗe a Jamus ƙofar ta rufu. To ka zauna da kalanda ka jera ranar karewarka da ranar fara aiki da ranar rufewa, ka kuma karanta ƙa'idojin shekarar da kanka a shafinsu don suna taɓa su lokaci zuwa lokaci, kar ka dogara da bakina.

Abin da zan yi in ni ce, imel zan tura wa farfesan yanzu kafin a rubuta kwantiragi, lokacin da yake son ka ke nan, bayan ka sa hannu magana ta canza. Ka ce masa kana so ka zo, amma kana da niyyar neman feloshif a shekarar farko, shin zai yarda ya zama mai masaukinka ya kuma duba furofozal ɗin? Ka tambaye shi ko za a bar maka kwana ɗaya a sati ka taɓa naka aikin, awa nawa na sufakwamfuta aka ware wa firojek ɗin kuma mutum nawa ke rabawa, da ko akwai kuɗin zuwa EGU, babban konfarens ɗin da ake yi a Biyana. Masu hankalinsu murna suke da irin wannan imel ɗin, don in ka ci feloshif albashinka ya sauka daga kansu kuma kana nan a gurup ɗin.

TsohonFortran

Kwana ɗaya a satin nan ka sa ya amsa maka a rubuce ko da a imel ne, na baki yana bin iska da zarar lokacin miƙa rahoto ya matso. Kuma ka turo min furofozal ɗin ta inbos in ka yi shafi biyu na farko, zan duba maka amma jan birona ba shi da tausayi.